Aibin da Ke Ɓoye Cikin Inji

Karatunmu na wannan mako yana cikin Littafin Firistoci, sura 25, daga aya 13 zuwa 17. Mai bi da aji ya sa a karanta shi sau biyu, a hankali, kafin a shiga bayani, gama wuri ne da masu karatu da yawa su kan tsallake, suna tsammani zancen gonakin Isra'ila ne kaɗai, babu ruwansa da mu.

Ga abin da ke ciki. A ƙasar Isra'ila ba a sayar da gona har abada. Kowace shekara ta 50 gona ta kan koma hannun gidan da ya gaje ta. Saboda haka wanda ya sayi gona ba ƙasar ya saya ba, yawan girbin da ya rage kafin shekaran nan ta zo shi ya saya. In shekarun da sauransu da yawa, sai kuɗi ya hau. In kaɗan suka rage, sai ya sauka. A tsakiyar wannan lissafi ne Ubangiji ya hana mai saye da mai sayarwa su cuci juna, sa'an nan a aya 17 ya ɗaura hanin a kan tsoronsa. Don me aka kawo tsoron Allah cikin zancen ciniki? Domin akwai cutar da alƙali ba ya iya kamawa, shaidu kuwa ba su gan ta ba. Mutum ɗaya ne ya san ta, sai Allah.

To, 'yan'uwa, wanda ya sayi tsohuwar babbar mota, shi ma ba ƙarfe da fenti ya saya ba. Shekarun aikin da suka rage cikin injin su ya biya. Idan mai ita ya san injin ba zai kai damina ba, amma ya karɓi kuɗin shekara biyar, ya sayar da girbin da babu shi ke nan.

Mu mutanen Mubi ba sai an yi mana dogon bayani a kan babbar mota ba. Garin nan a bakin iyakar Kamaru ya ke, a gindin duwatsun Mandara, kasuwar shanunsa kuwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso gabas. Daga nan a ke loda shanu zuwa Legas da garuruwan kudu, a ke kwasar masara da wake da gyaɗa, a ke shigo da siminti da sauran kaya. Duk wannan a kan taya ya ke tafiya. Sa'ad da Boko Haram suka kama garin a ƙarshen Oktoba 2014, har da hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi, mutane suka watse, da yawa kuma suka rasa jari da abin hawa. Da aka ƙwato garin cikin Nuwamba na shekaran nan, aka soma komowa, sai kowa ya shiga neman abin da zai sake tsayawa da shi. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2023 kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai, kayan gyara suka yi tsada. Sabuwar babbar mota sai manyan attajirai. Talaka mai zuciyar nema, rabonsa ita ce wadda ta ratsa hannu biyu ko uku kafin ta iso gare shi.

A ce wani ɗan'uwa cikinmu ya sayar da shanunsa, matarsa ta ba shi kwasar adashinta, ya ranto saura wurin surukinsa. Dillali ya kai shi ga wata mota, fenti sabo, inji a wanke tas, an tada ta, tana ƙugi lafiya lau. Aka yi ciniki, mai ita ya ce ya sallama. Mako na biyu ya yi lodi ya kama hanyar Yola, tafiyar kilomita wajen 200, ta Mararraba da Hong da Gombi. Bai kai Song ba sai zafi ya hau, farin hayaƙi ya turnuƙe bayan mota, aka ji ƙarfe yana dukan ƙarfe a ciki. Injin ya buga. Ga kayan mutane a kai, ga yaran mota, ga kuɗin janwe, ga bashi yana jiransa a gida.

Kafin mu tambayi abin da ya kamata ya yi, ya kyautu mu gane yadda irin wannan aibi ya kan ɓuya, gama jahilci ba ibada ba ne. Injin da ya taɓa yin zafi fiye da kima, kansa ya kan lanƙwashe ko ya tsage, abin da ke toshe tsakanin kai da gangar injin ya ƙone. Sai ruwan lagireto ya sami hanya ya gauraya da baƙin mai, man ya koma fari-fari kamar kunu, ya daina kāre ƙarfe daga ƙarfe. Mai son ɓoyewa ya kan juye man nan ran da mai saye zai zo, ya zuba sabo. In karanshaf da abin da ya ke juyawa a kai sun cinye, injin ya kan yi ƙwanƙwasa. Sai a zuba mai kauri, har da man giya, domin sautin ya kwanta na 'yan kwanaki. Irin man nan ya kan rage shuɗin hayaƙin da ke tona asirin injin da ke shan mai. Waɗansu su kan tada motar tun da sassafe domin mai saye ya tarar da ita da ɗumi, gama inji mai ciwo da sanyin safiya ya ke faɗin gaskiya. Waɗansu su kan yi wa tsagar walda su shafe da fenti. Mafi muni duka shi ne a cire wayar jar fitilan nan da ke gaya wa direba ƙarfin mai ya faɗi, watau a toshe bakin mai gargaɗi. Wannan shi ne Bahaushe ke kira ungulu da kan zabo. Annabi Amos ya san irinsa a zamaninsa: a sura 8 ya tsauta wa 'yan kasuwan da su ke rage mudu, su ke haɗa sharar masussuka da alkama su sayar wa matalauci.

Amma fa a yi hattara. Ba kowane injin da ya buga ne ya ke shaidar ha'inci ba. Tsohon abu tsoho ne, wanda ya sayi tsohuwar saniya bai kamata ya yi ƙarar ba ta da haƙora ba. Akwai kuma aibin da mai motar kansa bai san da shi ba, gama shi ma haka ya same ta, ko kuwa direbansa ne ya ɓoye masa. Wani lokaci laifin na sabon mai ita ne, da ya ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta, ko yaronsa ya mance duba ruwa. Littafin Misalai, 20:14, bai bar mai saye ba shi ma: ya zana mutumin da ya ke kushe kaya a gaban mai shi domin ya karya kuɗin, in ya juya baya kuwa sai ya shiga fahariya da arahar da ya ci. Mutum nawa ne cikinmu suka ga kuɗin mota ya faɗi ƙasa da hankali, zuciyarsu ta ce akwai magana, amma kwaɗayin araha ya hana su kiran bakanike? Araha ba ta ado. Saboda haka abu na fari ga ɗan'uwan nan shi ne ya riƙe harshensa. Wanda ya shiga tasha yana kiran mutum ɓarawo tun ba a buɗe injin ba, in daga baya aka ga ba haka ba ne, ya ƙara shaidar zur a kan hasararsa.

Ya kashe motar, kada ya matsa mata wai ta kai shi gari, gama injin da za a iya ceta da gyara kaɗan tafiyar minti goma ta isa ta hallaka shi sarai. Kada kuma ya bari a kwance injin shi kaɗai da bakanikensa. Ya aika wa wanda ya sayar masa da dillalin, ya ce su zo ko su turo nasu bakanike, a buɗe a gaban kowa. In sun ƙi, ya kira dattawa biyu daga cikin kanikawa waɗanda ba su da rabo cikin cinikin. Ƙarfe ba ya ƙarya. Bakanike mai ido ya kan bambance tsohuwar tsaga mai tsatsa da sabuwa, ya kan gane walda da aka lulluɓe, da wayar da aka cire da gangan. A ajiye abin da aka ciro, da ɗan man da aka tarar a ciki, a ɗauki hotonsu da waya. Attaura ba ta yarda a tabbatar da zargi a bakin mutum ɗaya ba, sai biyu ko uku, kamar yadda ya ke a Kubawar Shari'a 19:15. Wannan doka kāriya ce ga wanda a ke zargi, kāriya ce kuma ga mai zargi, kada fushinsa ya zama alƙalinsa.

In ya tabbata an ɓoye masa aibin, yana da iko ya nemi haƙƙinsa. Waɗansu masu bi suna tsammani haƙuri shi ne mutum ya haɗiye kowace cuta ya yi shiru. Ba haka Littafi ya koya ba. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ruɗi maƙwabcinsa cikin zancen dukiya an lissafta shi mai cin amanar Ubangiji ne, an kuwa umurce shi ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Ku lura, mayarwa ce ke tafe tare da hadaya. Ba a karɓi ragon mutum a bagadi ba alhali kuɗin ɗan'uwansa yana aljihunsa. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, cikin Luka sura 19, da tuba ta shige shi, ninki huɗu ya ɗauki alkawarin mayarwa. Wanda ya je ya ce wa mai ha'inci ya gyara, ƙofar tuba ya buɗe masa, ko da shi ke mutumin ba zai gode masa a ranar ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma a fiƙihunsu mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba. Saboda haka in wanda ya sayar Musulmi ne, ba da baƙon harshe za a yi masa magana ba.

Hanyar zuwa kuwa Ubangijinmu ya shimfiɗa ta a Matta 18, daga aya 15 zuwa 17, wurin da Ekklesiyar 'Yan'uwa ta daɗe tana riƙe da shi, tun kafin bishararta ta iso Garkida a 1923. Da fari mutum ya tafi shi kaɗai. Wannan mataki shi ne mu ka fi ƙi, domin ya fi sauƙi a ba da labari a majalisa da a dubi idon mutum. Amma sau da yawa wanda aka same shi a kaɗaice, ba a kunyata shi ba, ya kan yarda a raba kuɗin gyara ko ya rage wani abu, abin da ba zai taɓa yi ba in an riga an tara masa jama'a. In bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya taurare, kuma mai bi ne, a kai ga dattawan ekklesiya. Bulus ya ji kunya ƙwarai da ya ji masu bi na Korinti suna jan juna gaban mahukunta, ya tambaye su ko babu mai hikima ko ɗaya cikinsu da zai raba gardama. Wannan tambaya ta hau kan dattawanmu na yau. Majalisar ekklesiya wadda ta iya zama a kan zancen aure har dare, amma in an kawo mata zancen mota sai ta ce wannan harkar duniya ce, ita ce ta kora 'ya'yanta zuwa kotu. Kuma dattijon da ya karkata hukunci domin mai sayarwar ne ya ba da kwanon rufin majami'a, ya sani ya shiga cikin cinikin.

In mutumin ba na ekklesiya ba ne, akwai shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi da ta kanikawa, akwai mai unguwa da hakimi, waɗanda sulhunsu ya kan fi sauri, ya kan kuma fi araha. Kotu tana nan a ƙarshe, ba haram ba ce, gama Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Dokar tarayya ta 2018 mai kāre masu sayen kaya ta hana ɗan kasuwa ruɗin mai saye a kan halin kayansa. Sai dai mutum ya zauna ya yi lissafi, gama cinikin da aka yi da baki, ba takarda, ba shaidu, wuyar tabbatarwa gare shi, kuɗin lauya kuwa ya kan iya cinye kuɗin inji.

Yanzu mun iso wurin da gwajin ya ke. A ce an bi dukan matakan nan, mai sayarwa ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ko ya sauya lambar waya ya ɓace. Ɗan'uwanmu ya harhaɗa injin da ɗan abin da ya rage masa, ya tashi, amma bakanike ya gaya masa gaskiya: ba zai daɗe ba. A ran nan wani mai ba da shawara zai zo, ba kuwa maƙiyi ba, aboki ne mai tausayinsa. Zai ce, a wanke ta, a zuba mata mai kauri, a kai ta Gombe ko Maiduguri inda ba a san ta ba, ka fid da kuɗinka. Zai ƙara da cewa, ai kai ba ka cuci kowa ba, yadda aka yi maka haka ka yi, haka kasuwar ta ke.

Shawaran nan tana da ƙarfi domin rabinta gaskiya ce. Lalle an cuce shi. Lalle surukinsa yana jiran kuɗi, 'ya'yansa kuma suna jiran kuɗin makaranta. Amma mutumin Gombe da zai saya, me ya yi masa? Shi ma wataƙila shanunsa ya sayar, shi ma matarsa ta kwashe adashi. Cutar da aka yi maka ba ta zama takardar izni a hannunka ba. Kai da ka kwana a gefen hanya kana kallon baƙin mai yana zuba ƙasa, ka fi kowa sanin abin da za ka ɗora wa wani. Mai sayarwa na fari yana iya cewa bai san zafin abin ba, kai ba ka da wannan hanzari. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a sa abin tuntuɓe a gaban makaho, nan ma aka rufe da tsoron Allah. Mai sayen mota makaho ne ga abin da ke cikin inji. Idonsa na wurin shi ne bakinka.

Ba hasarar kuɗi kaɗai ke ciki ba. Babbar motar da ta mutu a tsakiyar hanya da dare, ba fitila, sai ganyen da aka zuba a baya, kabari ce a buɗe ga motar fasinja da ke tafe. Mai birkin iska kuwa, injin ne ke cika mata iskar. In ya mutu a gangara da lodi, direba yana cikin hatsari. Kubawar Shari'a 22:8 ta umurci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani domin kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau gidansa. Wanda ya san halin injinsa ya sake shi a hanya cikin hannun wanda bai sani ba, ya bar soro ba rawani.

Masu ilimin duniya ma sun gane wani gefen wannan al'amari. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, aka kuma ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, inda mai sayarwa ya san aibi mai saye bai sani ba, mai saye ya kan ɗauki kowace mota abar zargi ce, ya taya ta da arha. Mai mota ta ƙwarai ya ga ba za a biya shi darajar tasa ba, sai ya janye ta. Kasuwa ta cika da ruɓaɓɓu. Watau mai ɓoye aibi ba mutum ɗaya ya cuta ba, har da kowane mai gaskiya da zai zo sayarwa bayansa, har da shi kansa ran da zai koma saye. Yakubu ya sa fatar akuya ya ruɗi ubansa da idonsa ya dushe, ga shi kuwa bayan bautar shekara 7 aka kai masa Lai'atu cikin duhu a maimakon Rahila.

To, me ya rage wa ɗan'uwan nan? Ba za mu ce masa babu hasara ba, akwai ta, mai zafi kuwa. Yana iya jingine motar ya tara kuɗin wani injin, ko ya nemi wanda zai sa kuɗin gyara su yi tarayya cikin riba. Yana iya sayar da ita yadda ta ke, ya ce wa mai saye a fili, bodi da giya da taya lafiya, amma injin ga abin da ke damunsa, zo da bakanikenka ka gani. Akwai masu neman irin wannan, musamman kanikawa da masu inji a ajiye, za su saya a kan kuɗin da ya dace da girbin da ya rage. In ta wuce gyara, 'yan gwangwan suna nan. A rubuta abin da aka faɗa a takarda, shaidu su sa hannu. Ya kuma gaya wa matarsa da surukinsa gaskiyar lissafin tun da wuri, gama waɗanda suka sa kuɗinsu suna da haƙƙin sani, ɓoye musu kuwa wani irin mai kauri ne a cikin gida.

Ekklesiya ma tana da nata. Abu ne mai sauƙi mu da ba mu da bashi mu ce wa mutum ya zaɓi gaskiya ya yi hasarar rabin jarinsa. Bulus ya gaya wa Galatiyawa, a sura 6, su riƙa ɗaukar nauyin juna. In ɗan'uwa ya ƙi tura cutarsa gaba saboda sunan Kristi, ya wajaba masu hali cikinmu su ba shi lodi sa'ad da motar ta tashi, bakanike mai bi ya sassauta masa kuɗin aiki, wanda ya ke binsa ya ƙara masa wa'adi, dattawa kuma su raka shi wurin surukin nan, kada ya tsaya shi kaɗai.

Mai bi da aji ya ba da sauran lokaci ga zancen dillali, gama ba mu taɓa shi sosai ba, a cikinmu kuwa akwai masu cin abinci da wannan sana'a. A ce dillalin nan ya ga digon mai a ƙarƙashin motar, ya ga sabon fenti a inda fenti ba shi da aiki, amma bai tambaya ba domin kada a gaya masa. Ya karɓi la'adarsa a hannu biyu, ran Lahadi kuma ya fid da zakka daga ciki. Sa'ad da injin ya buga ya ce shi haɗa ciniki kaɗai ya yi. A tambayi dillalan da ke cikin aji su fara ba da amsa: nawa ne cikin la'adan nan ya ke nasa, kuma in mai motar ya gudu, wa zai je wurin mai saye?